Shekarar da Taki Ya Makara

Na gaji da jin labarin nan a bakin waɗanda ba su kasance wurin ba. Wani ya ce ƴan adawa ne suka saye ni. Wani ya ce kujerar minista na nema aka hana ni, shi ya sa na huce a kan wanda aka ba. Kwanan baya a wurin wani ɗaurin aure na ji wani da ko rarrafe bai fara ba a lokacin yana ba da labarin tiryan-tiryan, har da abin da wai na raya a zuciyata. Ku kuwa ƴaƴana, Nana da Sanusi da Balki, kuna ƙanana abin ya faru, abin da kuka sani kawai shi ne wata shekara gidanmu ya cika da mutane, wata shekara kuma ya zama kufai. To ku zauna ku ji daga bakin mai shi, da inda na yi daidai da inda na yi kuskure.

Shekarata ta biyu ke nan ina depite, wato ɗan majalisar dokoki ta ƙasa. Kafin nan darektan lakwal ne ni, shugaban makarantar boko a nan Matameye, shi ya sa har a Yamai, babban birni, ba wanda ke kirana sai da Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu. Abin da ya fara ba ni haushi a aikin shi ne babu wanda ya san aikin, har da wasu daga cikinmu da ke yinsa. Idan na zo hutu, kafin in idar da sallar asuba zaure ya cika. Wannan da takardar magani, wancan yana son a sa ɗansa aiki, wani kuma so yake kawai a ga motata a ƙofar gidansa ranar suna. Ban raina buƙatar kowa ba, ni ma daga cikinsu na fito. Amma littafin dokokin majalisa da aka ba mu ranar farko, wanda na karanta kamar yadda nake sa yara su karanta darasi, cewa ya yi aikinmu biyu ne: yin doka, da sa ido kan gwamnati. Depite yana da ikon rubuta wa minista tambaya, yana da ikon sa a kira shi ya tsaya gaban majalisa ya amsa da bakinsa, idan amsar ba ta gamsar ba a nemi kwamitin bincike. Na ɗauka abin da aka rubuta shi ake yi. Shekara hamsin da wani abu a duniya, amma wauta irin ta mai koyarwa ba ta sake ni ba.

A shekarar ne gwamnati, wadda ta jam'iyyarmu ce, ta fito da sabon tsari kan takin zamani. Aka ce daga yanzu gwamnati ce za ta sayo shi gaba ɗaya ta sayar wa manoma da rahusa, aka kuma hana ƴan kasuwa shigo da shi ta iyaka, wai na can ba shi da inganci. A takarda tsarin ya yi kyau, ni ma na tafa masa. Sai dai mutanenmu tun kakanni da kasuwar Mai'aduwa suka saba. Mutum ya dawo daga cin rani a Kano ko Katsina, ya biyo da buhunsa ɗaya ko biyu ya ajiye kafin ruwan shuka. A bana an rufe wannan ƙofa, wadda aka ce za a buɗe kuma ba ta buɗu ba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman firi, aka yi maimai, ba taki ba labarinsa. Ƙasarmu ta Kance kun san ta, jigawa ce da ta gaji, gonaki ƙanana mutane da yawa, ba ta ba ka sai ka ba ta. Kamiyoyin gwamnati, manyan motocin da suka ɗauko takin, ba su shigo Matameye ba sai da gero ya fidda kai, lokacin da ko ka zuba masa taki sai dai ka yi wa ciyawa hidima.

Wanda ke riƙe da mabuɗin mangaza, ɗakin ajiyar da aka sauke takin, shi ne ƙanena, baffanku Isuhu, malamin gona. Mutum ne mai shiru, uwa ɗaya uba ɗaya muke amma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Bayan girbi ya kai ni Dawce a bayan babur ɗinsa, gidan wani dattijo Malam Habu. Tsohon bai yi mana dogon bayani ba. Buɗe rumbunsa ya yi ya ce in leƙa. Dammunan da ke ciki ba su kai gwiwata ba, ga mutum goma sha wani abu a gidan.

Ya ce, “Mushe, ban kira ka don ka ba ni komai ba. Ƴaƴana uku sun riga sun koma Kano tun kafin a gama ɗaurin gero. Tambaya ɗaya nake so ka yi wa wanda ya hana mu saye a inda muka saba. Shi bai san lokacin da ruwa ke sauka ba ne?”

A hanyarmu ta dawowa Isuhu ya tsaya gindin wani gawo, ya zaro takarda daga jakarsa. Kwafin takardar isowar kaya ce, da ranar da kamiyo ya sauke, da hatimi, da sa hannunsa.

Ya ce, “Yaya, na ba ka ne don ka san ba zato kake ba. Ka gani da idonka, ka ajiye. Kada ta fita daga aljihunka.”

Na ce masa ba za ta fita ba. Ku riƙe wannan, don a nan duk maganar take.

Da aka buɗe zaman majalisa na bayan damina, na rubuta tambayata na miƙa ta hanyar da doka ta ce. Layi biyar ce kacal: yaushe aka yi odar takin, yaushe ya isa yankunan, kuma me ya sa aka hana shigo da na ƴan kasuwa kafin na gwamnati ya iso. Ba zan faɗi sunan ministan ba, ya rasu, Allah ya jiƙansa, yana da ƴaƴa kamar ku. Wa'adin amsa ya cika, shiru. Na je biro, ofishin karɓar takardu, na tambaya, aka ce takardar tana wurin sakatare. Sakatare ya ce tana wurin mai ba minista shawara. Mai ba da shawara ya tafi taro ƙasar waje. Da ya dawo aka ce ba a ga takardar ba, in sake kawo wata. Na sake kawowa. Ni da na yi shekaru ina korar yara gida saboda sun ce akuya ta cinye littafinsu, yau ga manya masu rawani da kwat suna yi mini irin ta. Sai na mayar da ita tambayar baki, wadda dole minista ya zo zauren majalisa ya amsa. Aka sa rana, ya yi tafiya. Aka sake sa rana, aka ce yana rakiyar baƙi. Zaman ya ƙare, muka watse, tambayata tana nan kamar an jefa dutse rijiya.

Kafin zaman gaba shugaban depitocin jam'iyyarmu, Alhaji Sule, ya kira ni ofishinsa. Ya sa aka kawo shayi, ya tambayi lafiyar Inna, sannan ya jawo kujera kusa da ni.

“Mushe, wannan aikin ƴan adawa ne kake yi musu kyauta. Minista namu ne. In akwai magana, mu je gidansa mu ci tuwo ku fahimci juna.”

Na ce, “Alhaji, na nemi ganinsa sau huɗu ban samu ba. Kuma ba ni ke tambaya ba, mutanen da suka zaɓe mu ne.”

Ya yi dariya. “Mutane jam'iyya suka zaɓa, jam'iyya ta sa sunanka a jerin ƴan takara. Ka janye takardar nan. Ana shirin rabon injinan ban ruwa, masu rake na wajenku za su ji daɗi in ka kai musu da hannunka.”

Na ce zan yi tunani. Gaskiya na yi tunanin, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Injin ban ruwa abu ne da ake gani, a taɓa, a ce Mushe ya kawo. Tambaya kuwa ba a dafa ta.

Da na zo gida na tarar labari ya riga ni. Mahaifiyarku Rabi tana tsince shinkafa a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Malam, matar perefe, shugaban gundumarmu, ta daina amsa gaisuwata. Ni ban san taki ba, ban san minista ba. Abin da na sani, mutum ɗari da wani abu ne a majalisar nan, duk ba su da baki sai kai?”

Na ce ai shi ne abin da ke ci mini rai.

Ta ce, “To in za ka yi, ka yi shi da kyau, kada ka tsaya rabi. Abin da ba na so shi ne mu sha wuyar kuma a ce ka tsorata.”

Inna kuwa, kakarku, da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kama sunana, Mai Lakwal take ce mini. Tana zaune kan tabarmarta da carbi, na ɗauka ba ta bin zancen. Sai ta ce,

“Mai Lakwal, kai in sun kore ka kana da fansho. Ƙaninka fa a ƙarƙashin mutumin nan yake ci. Ka yi faɗanka, amma ka cire mini Isuhu a ciki.”

Na ce, “Inna, ba ruwan Isuhu.”

Ban janye ba. A zaman bazara, wata na bakwai da miƙa takardata, minista ya zo. Ranar Asabar ce da hantsi, rediyon ƙasa na watsa zaman kai tsaye. Kujerun jam'iyyarmu rabi babu kowa, waɗanda suka zo wasu na karanta jarida. Ƴan adawa kuwa sun cika nasu gefen suna yi mini murmushi, abin da ya ƙara ƙona mini rai, don na san ba Malam Habu ne ya dame su ba, biki suka zo kallo. Na karanta layukana biyar na zauna. Minista ya tashi da dosiye mai kauri cike da takardu. Ya fi rabin awa yana karatu da Faransanci mai santsi. Ya faro daga tarihin noma a ƙasar, ya bi ta canjin yanayi, ya gode wa abokan hulɗa, ya yabi hangen nesan gwamnati. Ina sauraro ina jiran tambayata ta farko, ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Sai can ƙarshe ya cire tabarau ya dube ni ya ce, bisa rahoton da ke hannunsa taki ya isa dukkan yankuna kafin saukar ruwa, in wasu manoma ba su je sun ɗauka ba wannan matsalar wayar da kai ce, kuma yana fatan mai girma depite zai taimaka wajen wayar da kan mutanensa.

Aka tafa masa. Wallahi aka tafa.

Doka ta ba mai tambaya ƴan mintoci ya mayar da martani. Na tashi. Na ajiye Faransancin da na shirya, na yi magana da Hausa, don wanda ke jingine da rediyo a Icirnawa ko Dawce ya ji da kunnensa. Na ce ranka ya daɗe, mutanen da kake cewa ba su waye ba sun yi ta zarya ƙofar mangaza tun daga shuka har maimai suna tarar da ita wayam. Na ce an hana su saye a inda suka saba, ba a kawo musu a kan kari ba, yanzu kuma an ɗora musu laifi. Ya girgiza kai yana murmushi, ya ce ta lasifika, a kawo hujja. Daga bayana wani ɗan jam'iyyarmu ya ce, “Zauna, Mushe, nan ba aji ba ne.” Aka yi dariya.

A nan ne hannuna ya shiga aljihu. Ban shirya ba, amma ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na warware takardar Isuhu na karanta ranar da kamiyo ya sauke kaya a Matameye, na karanta lambar takardar, na ɗaga ta sama kowa ya ga hatimi. Minista ya juya ya dubi mutanensa da ke zaune bayansa, su kuma suka sunkuyar da kai. Har yau ina zaton bai sani ba, ƙarya aka rubuto masa ya karanta. Ya ce zai bincika. Shugaban zaman ya kaɗa ƙararrawa ya ce lokacina ya cika.

Ban ambaci sunan Isuhu ba. Da wannan na riƙa lallashin kaina a hanya. Amma mangaza ɗaya ce a Matameye, mai mabuɗi ɗaya ne, kuma sunan mahaifinmu ɗaya.

Na nemi a kafa kwamitin bincike. Aka kaɗa ƙuri'a, jam'iyyarmu ta kayar da shi, har da waɗanda suka same ni a bayan zaure suka riƙe hannuna suka ce gaskiya na faɗa. Ɗaya daga cikinsu ɗan yankinmu ne, gonar ubansa ma ba ta samu takin ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, “Umarnin jam'iyya ne, Mushe, ka gane.” Ban gane ba, har gobe ban gane ba. An ba ka kujera don ka tambaya, ka mayar da ita wurin gyangyaɗi, sannan ka zo kana yi wa wanda ya tambaya jaje a ɓoye.

Binciken da minista ya yi alkawari kuwa an yi shi, cikin sauri ma. Ba a gano wanda ya makarar da taki ba. An gano wanda ya fitar da takarda. Kafin sati uku aka aiko wa Isuhu da canjin wurin aiki, can ƙuryar arewa cikin hamada, tafiyar kwana uku, inda ba a shuka ko ƙwayar gero. Malamin gona a inda babu gona. Na ruga ofisoshi, na rubuta wasiƙu, har gidan Alhaji Sule na je na zauna a zaurensa kamar yadda ake zama a nawa. Ya fito ya ce ai wannan lamarin ma'aikata ne, depite ba ya sa baki a ciki. Ranar da Isuhu zai tafi na je tasha. Ya gaishe ni kamar kullum, ya ce in duba masa iyali, ya hau mota. Inna ta yi wata biyu ba ta ce mini komai ba bayan amsa gaisuwa.

Wani zai ce to me aka samu? A daminar da ta biyo taki ya iso kafin ruwan shuka, aka kuma sassauta wa ƴan kasuwa ba tare da an yi shela ba. Minista da kansa ya zo Matameye ya buɗe rabon, da makaɗa da ƴan rediyo, ya ce wannan shaida ce ta gwamnati mai jin kukan talaka. Ba a gayyace ni ba. Injinan ban ruwa wani depite ya kai wa masu rake, suka yi masa waƙa. Da zaɓe ya zo aka cire sunana daga jeri, zaurena ya koma wurin kwanan awaki. Waɗanda nake jin sun fi kowa cin moriyar abin su ne suka fi cewa Mushe ya yi shekara biyar a Yamai bai kawo ko rijiya ba, sai surutu. Malam Habu kaɗai ya zo a kan jakinsa da ɗan ƙullin wake, ya ce ya ji ni a rediyo, ya sha ruwa ya koma.

Isuhu ya yi shekara huɗu a can. A ta uku Inna ta kwanta ciwo. Muka yi masa waya, ya taso a ranar, motar da ya samu ta lalace a hanya. Ya iso mun yi kwana biyu da rufe ta. Ya wuce maƙabarta da ƙurar tafiya a jikinsa, ya dawo ya zauna cikin masu karɓar gaisuwa, kafaɗarsa na gogar tawa, bai ce mini komai ba sai “ya haƙuri”. Da ya yi ritaya ya dawo gida muka ci gaba da gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, amma maganar tana tsakaninmu ba wanda ya taɓa ta. Ni da na tsaya gaban minista a rediyon ƙasa, na yi shekaru ina kasa tsallaka titi ɗaya in yi wa ƙanena magana. Mahaifiyarku ce ta gaji, wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta ajiye mini takalmana a bakin ƙofa ta ce ba za a zuba abinci ba sai na je na dawo.

Na same shi a garkarsa ta bayan gari yana ba tumatir ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce ai ya san yadda aka matsa mini, ya san an yi mini dariya, ya san ba don takardar ba da maganar ta mutu a nan. Ya bar ni na gama. Sannan ya ajiye bokiti.

“Yaya, duk na sani. Ina jin rediyon a ranar, a ƙofar mangaza, da manoma kewaye da ni. Lokacin da ya ce ba mu waye ba, ni kaina cewa na yi a raina, karanta ta.”

Na ce, “To me ya sa duk shekarun nan...”

Ya ce, “Wata bakwai takardar nan tana aljihunka. Ka san za ka iya buƙatarta, shi ya sa ka shiga da ita. Cikin wata bakwai ba ka samu rana ɗaya ka zo ka ce, Isuhu, in ta kama in fitar, ka yarda? Da na yarda. Da na tafi arewa da ƙafata, na san ni na zaɓa. Amma ka yanke mini kana Yamai, kamar yadda suka yanke wa Malam Habu.”

Ni ba ni da dosiye, ba ni da mai ba da shawara da zan juya in duba. Na ce masa na yi laifi, ya yafe mini. Ya dubi ruwan da ke bin kwari.

Ya ce, “Na yafe tun a kabarin Inna. Jira nake ka tambaya.”

Sannan ya miƙo mini ɗaya bokitin, ya nuna mini layin da bai kai ba, muka gama ban ruwan tare kafin la'asar.